Son Kulob Daban, Kare Ɓarawo Daban: Magana Ga 'Yan Juventus, Inter Da Milan Na Cikinmu



Abin da ya sa muka yi wannan rubutu wata rigima ce da ta tashi a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu ranar Lahadi da dare, tsakanin matasa biyu da duk muka sani, masu rumfa a layi ɗaya a kasuwa. Ɗaya ɗan Juventus ne, ɗaya ɗan Inter. Na Juventus ya ce kulob ɗinsa ya ci kofin Serie A sau 38. Na Inter ya ce 36 ne, sauran biyun na sata ne kuma an ƙwace. Kafin a ankara an kai ga zagin iyaye, an ɗaga benci, sai da dattawa suka shiga tsakani. Har yanzu da muke rubutun nan ba sa gaisawa. Mutum biyu da suka baro gida suka zo kudu neman abinci, waɗanda in ɗayansu ya kwanta ciwo ɗayan ne zai kai shi asibiti, sun ɓata a kan laifin da wasu masu kwat suka aikata a Italiya lokacin da su biyun ba su gama firamare ba.

Mu ma masu kallon ƙwallon Italiya ne, tun zamanin da Kanu da Taribo West suke Inter, Sunday Oliseh ya sa rigar Juventus, Obafemi Martins yana alkafura in ya ci ƙwallo. A cikinmu akwai 'yan kowane kulob. Don haka ba mu zo yi wa kowa ba'a ba. Matsayinmu ɗaya ne, kuma za mu faɗe shi tun daga farko: wanda yake son kulob da gaske shi ya kamata ya fi kowa jin haushin shugaban da ya jawo masa kunya. Magoyin bayan da yake kare irin wannan shugaba ya zama ɗan kanzaginsa, kuma irinsa ne suka sa hukunci ba ya kama jikin kowa a ƙwallon Italiya shekara da shekaru.

Bari mu fara da abin da ya faru, domin yawancin masu musun ba su san shi ba, jin sa suka yi a bakin wani. A watan Mayun 2006 jaridun Italiya suka fara buga hirarrakin waya da masu bincike suka naɗa a kakar wasa ta 2004 zuwa 2005. Wanda muryarsa ta fi fitowa shi ne Luciano Moggi, babban manajan Juventus. Da wa yake magana? Da Paolo Bergamo da Pierluigi Pairetto, mutum biyun da aikinsu shi ne raba wa alƙalai wasanni. Tsarin a lokacin shi ne a kasa wasannin mako gida-gida, kowane gida a jera masa alƙalan da za su iya busa shi, sannan a jefa ƙuri'a. An ji Moggi da Bergamo a waya suna gwada jerin sunayensu, wannan ya karanto nasa, wancan ya karanto nasa. Wanda ya zaɓi sunayen da za a zuba a ƙwarya, me ya rage masa na fargabar ƙuri'a?

Abin bai tsaya nan ba. Masu gabatar da ƙara a Napoli sun gano layukan waya da aka sayo daga ƙasar Suwizalan aka raba, domin a yi magana ba tare da 'yan sandan Italiya sun ji ba. An ji Moggi yana tsara wa wani shahararren shirin talabijin yadda za a yi sharhi a kan kurakuran alƙalai, wane za a rufa wa asiri, wane za a tona. An ji shi yana alfahari cewa ya kulle alƙali Paparesta a ɗakin sauya kaya bayan Reggina ta doke Juventus da ci 2 da 1 a Nuwamban 2004. Shi alƙalin ya ce ba a kulle shi ba. To, ko da cika baki ne, ku tambayi kanku wane irin mutum ne yake ganin wannan abin alfahari ne, kuma wane irin tsoro ne zai kama alƙalin da aka ba shi wasan kulob ɗin mutumin mako mai zuwa.

'Yan Juventus sukan ce ba a kama jakar kuɗi a hannun alƙali ko ɗaya ba. Haka ne, kuma ba za mu ƙara wa labarin gishiri ba. Sai dai wanda yake riƙe da makomar aikinka ba ya buƙatar ba ka ko kwabo. Alƙalin da ya san cewa in ya ɓata wa wane rai za a ajiye shi a gida ko a tura shi ƙananan wasanni, in kuwa ya faranta masa za a yabe shi a talabijin, ya riga ya san gefen da usur zai karkata in abu ya zo kan shakka. Wannan ya fi cin hancin rana ɗaya muni, domin na rana ɗaya wasa ɗaya yake ɓatawa, wannan kuwa gasar gaba ɗaya yake lanƙwasawa.

Yanzu ku dubi hukuncin, ku gani in ba cinikin kasuwa aka yi ba. Mai gabatar da ƙara na hukumar ƙwallon Italiya, Stefano Palazzi, ya nemi a jefa Juventus ƙasa da Serie B. Ranar 14 ga Yulin 2006 kotun wasanni ta ce Serie B, da cire maki 30, da ƙwace kofuna biyu, na 2005 da na 2006. Ta haɗa da Fiorentina da Lazio, su ma su sauka, Milan kuma ta fara sabuwar kaka da bashin maki 15. Aka ɗaukaka ƙara. Ranar 25 ga Yuli makin Juventus ya koma 17, Fiorentina da Lazio suka dawo Serie A da bashin maki 19 da 11, na Milan ya koma 8 kuma aka bar mata ƙofar Gasar Zakarun Turai a buɗe. A watan Oktoba aka sake zama: Juventus 9, Fiorentina 15, Lazio 3. Daga 30 zuwa 9 cikin wata uku da 'yan kwanaki. Mu 'yan kasuwa ne, mun san wannan salon: a taya, a ce albarka, a rage, a sallama. Milan ɗin da hukuncin farko ya hana ta zuwa Turai ita ce ta ɗaga kofin Zakarun Turai a Mayun 2007, bayan ta doke Liverpool da ci 2 da 1 a Atens.

Wani abu kuma da 'yan Juventus na cikinmu ba sa son a tuna: lauyan kulob ɗin da kansa, Cesare Zaccone, ya faɗa a gaban kotun wasanni cewa Serie B da cire maki hukunci ne da za su iya ɗauka. A ƙarshen Agustan shekarar kulob ɗin ya janye ƙarar da ya kai kotun gwamnati. Masu kulob sun sunkuyar da kai a lokacin, sai ga wani a Agege ko Sabo ta Ibadan yana ɗaga benci cewa sharri aka yi musu.

Hujjar da aka fi ji ita ce “ai kowa ma yana yi”. Za mu ba wa wannan hujja haƙƙinta, domin akwai gaskiya a cikinta. A 2010 lauyoyin Moggi suka fito da wasu hirarrakin da ba a yi amfani da su ba a 2006, kuma a ciki akwai muryar shugaban Inter na lokacin, Giacinto Facchetti, yana magana da masu raba wasanni. A Yulin 2011 Palazzi ɗin nan ya rubuta rahoto cewa ita ma Inter ta taka doka, amma wa'adin hukunta laifin ya wuce. Facchetti ya rasu tun Satumban 2006, ba shi da bakin kare kansa, ba a kuma taɓa yin shari'ar ba. Hukumar ƙwallo ta ce ba ta da hurumin karɓe kofin 2006 da aka miƙa wa Inter. Saboda haka in ɗan Juventus ya ce ba a yi wa kowa awo da mudu ɗaya ba, mun yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Amma ina wannan hujja take kai mu? In ɓarayi uku suka fasa shago aka kama ɗaya, kuskuren 'yan sanda shi ne sakin biyun. Wanda ke hannu bai zama mai gaskiya ba don abokansa sun sha. Ɗan Juventus mai hankali cewa zai yi a hukunta Inter ita ma. Wanda yake cewa a dawo mana da kofunanmu tunda ba a hukunta su ba, yana neman a halatta sata ne saboda ta yi yawa. Kulob ɗin ya bi wannan hanyar, ya nemi diyyar sama da Yuro miliyan 440 daga hukumar ƙwallo, ya shafe shekaru yana zagaya kotuna, bai samu ko sisi ba.

Ku kuma 'yan Inter, ku rage murya. Kofin da kuke taƙama da shi, wanda kuke kira na masu gaskiya, a ofis aka ba ku shi. A fili Juventus ta gama kakar 2005 zuwa 2006 da maki 91, Milan 88, ku 76. Na uku kuka zo da tazarar maki 15. Kafin wannan ma, a 2001, an kama ɗan wasanku Alvaro Recoba da fasfon Italiya na jabu, kulob ya biya tara kawai, ba a cire masa maki ko ɗaya ba. 'Yan Milan ma kada su yi dariya: jami'insu Leonardo Meani ne aka ji a waya yana matsa lamba kan mataimakan alƙalin da za a ba su, kuma wannan ba shi ne karon farko ba, domin a 1980 an taɓa saukar da Milan zuwa Serie B saboda sayar da wasa. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hango na wani.

Hujja ta biyu ita ce “a fili muka ci”. A 2012 Juventus ta rubuta a rigarta cewa kofuna 30 ta ci a fili, alhali hukuma 28 ta sani, kuma har yau lissafinta ya ɗara na hukuma da biyu. Babu mai musun ƙarfin waccan ƙungiyar. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya ranar 9 ga Yulin 2006 a Balin, 'yan wasan Juventus takwas ne suka taka fili: Buffon, Cannavaro, Zambrotta, Camoranesi da Del Piero a ɓangaren Italiya, Thuram, Vieira da Trezeguet a ɓangaren Faransa. Ga Nedved da Ibrahimovic kuma. To wannan ne ya sa abin ya fi ciwo. Ƙungiyar da take da waɗannan mutane me za ta yi da layin waya na Suwizalan? Moggi ya ɗauki gumin Del Piero da Nedved ya zuba masa ƙasa, ta yadda har abada ba wanda zai iya rantsewa cewa da ba a yi wayar ba sakamakon zai zama haka. In akwai wanda ya sace wa 'yan Juventus kofuna biyu, manajansu ne, kuma shi ne wanda wasunsu suke kare wa har yau.

Akwai kuma waɗanda ba a tunawa da su a wannan musu, domin ba su da magoya baya a gidajen kallonmu. A ƙarshen kakar 2004 zuwa 2005 Fiorentina ta tsira daga faɗuwa a ranar ƙarshe. A wannan rana Lecce da Parma suka tashi 3 da 3, wasan da daga baya ya shiga cikin waɗanda aka yi shari'a a kansu. Bologna ce ta kwana ciki: ta buga wasan raba gardama da Parma, ta sha kashi, ta faɗa Serie B. Mai kulob ɗin, Giuseppe Gazzoni Frascara, ya shafe shekaru yana bin kotuna neman diyya. Magoya bayan Bologna sun sayi tikiti duk shekara suna zaton gasa suke kallo. Su wa ya dawo musu da abin da suka rasa?

Dalilin da ya sa muke cewa hukunci ba ya kama jiki a can shi ne abin ya daɗe yana maimaita kansa. A Maris na 1980 'yan sanda suka shiga filayen wasa ranar Lahadi suka kama 'yan ƙwallo. Asirin ya tonu ne domin wani ɗan kasuwar kayan lambu da wani mai gidan abinci a Roma sun kai ƙara da kansu, cewa sun biya 'yan wasa su sayar da wasanni amma aka ci kuɗinsu aka yaudare su. Aka saukar da Milan da Lazio. Aka dakatar da Paolo Rossi shekara uku, aka rage zuwa biyu, ya dawo daidai lokacin Kofin Duniya na 1982 a Sifaniya, ya ci ƙwallo 6, Italiya ta ɗauki kofi. Cikin murna hukuma ta yi wa sauran waɗanda aka dakatar sassauci. Kotun gwamnati kuwa ta sallami 'yan wasan duka, domin a lokacin babu dokar da ta haramta maguɗin wasa, sai a 1989 aka yi ta. Shi kansa Moggi kotun Napoli ta yanke masa shekara 5 da wata 4 a 2011, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa shekara 2 da wata 4, a 2015 kotun ƙoli ta ce wa'adi ya wuce. Ba ta ce bai yi ba. An haramta masa harkar ƙwallo har abada, amma ya ci gaba da rubutu a jarida da sharhi a talabijin.

In kuna son ku ga wanda yake biyan bashin wannan tsari, ku kwatanta mutum biyu. A Mayun 2011 aka buga wasan hamayya tsakanin Bari da Lecce, garuruwa biyu da ba sa ga maciji. Ɗan bayan Bari, Andrea Masiello, ya ci gidansu, Lecce ta yi nasara da 2 da nema ta tsira daga faɗuwa. Da aka kama shi a 2012 ya amsa da bakinsa cewa da gangan ya yi, don kuɗi. Aka dakatar da shi sama da shekara biyu, ya dawo Atalanta, ya ci gaba da buga Serie A har da gasar Turai. Na biyun shi ne Simone Farina, ɗan bayan ƙaramar ƙungiyar Gubbio. A 2011 aka yi masa tayin Yuro 200,000 don a sayar da wasan kofin Italiya da Cesena, kuɗin da ya fi albashinsa na shekara. Ya ƙi, ya kai rahoto. Kocin Italiya Cesare Prandelli ya gayyace shi sansanin 'yan wasan ƙasa don girmamawa, FIFA ta karrama shi a bikin gwarzon ɗan ƙwallon duniya a Janairun 2012. Kafin shekarar ta ƙare ya rabu da Gubbio, ya ajiye takalmi yana ɗan shekara 30, ya tafi Ingila yana koyar da yara a Aston Villa. Duk wani matashin ɗan wasa a Italiya ya ga yadda aka ƙare da mutanen biyu, kuma ya ɗauki darasi.

Kada a ce muna ƙin biyayya ga kulob. Akwai biyayyar da muke cire wa hula. Da Juventus ta sauka, koci Capello ya tafi Real Madrid, Cannavaro da Emerson suka bi shi, Thuram da Zambrotta suka tafi Barcelona, Ibrahimovic da Vieira suka koma Inter. Del Piero, Buffon, Nedved, Trezeguet da Camoranesi suka zauna. Wata biyu bayan ya ɗaga Kofin Duniya, Buffon ya tsaya a raga a ƙaramin filin Rimini aka tashi 1 da 1. Del Piero ya ci ƙwallo 20 a Serie B, ƙungiyar ta biya bashin maki 9, ta zo ta ɗaya, ta dawo. Waɗannan ba su yi wa kowa waya ba, amma sun ɗauki hukuncin tare da rigar. Duk ɗan Juventus da ya zauna da kulob ɗinsa a wannan shekarar yana da abin alfahari da ba kotun da za ta ƙwace masa.

Ɗaya biyayyar kuwa ita ce wadda Hausawa suka ce so hana ganin laifi. Da aka fara ambaton kyaftin ɗin Atalanta Cristiano Doni a badaƙalar caca ta 2011, magoya bayansa suka tsaya kai da fata cewa sharri ne, har aka kama shi a Disamba ya amsa laifi. A Mayun 2010 magoya bayan Lazio suka yi murna a filinsu da Inter ta doke su, don kawai kada Roma ta ci kofi. A Afrilun 2012 'yan daban Genoa suka tsayar da wasa ana cin su 4 da nema, suka tilasta wa 'yan wasansu cire riga a tsakiyar fili. A Satumban 2024 aka kama mutum 19 a Milan, cikinsu har da shugabannin ƙungiyoyin magoya baya na Inter da na Milan, bisa zargin cin kasuwar tikiti da wuraren ajiye mota a San Siro da ƙarfin tsiya. An kama su ne 'yan makonni bayan jagoran na Inter ya kashe abokin harkarsa, ɗan wani gidan mafiya daga Kalabriya. A Yunin 2025 aka yanke wa jagororin biyu shekara goma-goma. Masu bincike sun ce waɗannan shugabanni, da ake zaton abokan gaba ne, suna da yarjejeniya a tsakaninsu ta zaman lafiya don kada kasuwa ta lalace. 'Yan uwanmu biyu su ji wannan da kyau: waɗanda suke jagorantar waƙa a San Siro ba sa faɗa da juna, domin akwai abin da suke rabawa.

Kuma da yake ba a koyi darasi ba, abin ya dawo da sabuwar riga. Wannan karon a littafin lissafi aka yi. Kulob biyu za su yi musayar 'yan wasa, kowa ya rubuta farashi mai tsada. Kuɗin sayarwa a shigar da shi riba nan take, kuɗin saye a rarraba shi kan shekarun kwantiragi. Kamar ni da kai mu yi musayar akuya, kowa ya rubuta farashin sa, mu kai littafin banki a ce mun ci riba. A 2020 Juventus ta karɓi Arthur daga Barcelona kan Yuro miliyan 72, ta ba da Pjanic kan miliyan 60. A Nuwamban 2022 Andrea Agnelli da Nedved da sauran shugabannin kulob suka yi murabus gaba ɗaya. A Janairun 2023 aka cire maki 15, a Afrilu aka dawo da su, a Mayu aka cire 10 ana dab da fara wasansu da Empoli, wanda suka sha kashi 4 da 1. Suka gama na bakwai, hukumar ƙwallon Turai ta hana su gasarta na shekara ɗaya. Yadda aka yi ta wasa da makin abin kunya ne ga hukumar, mun yarda. Amma me magoya baya da yawa suka yi? Gangamin soke rajistar tashoshin da ke nuna gasar. Shugabannin da suka bar kulob da asarar sama da Yuro miliyan 200 a shekara ɗaya, kaɗan ne suka tuhume su.

'Yan Napoli, waɗanda suka yi yawa a cikinmu saboda Osimhen, ku ma akwai taku. Da aka sayo shi daga Lille a 2020 kan kusan Yuro miliyan 70, an haɗa da 'yan wasa huɗu da aka yi wa kuɗi kusan miliyan 20, kuma uku daga cikinsu matasa ne da ba su taɓa buga wa Lille wasa ba. Kotun wasanni ta wanke kulob ɗin a 2022, bisa cewa babu ma'aunin da ya ƙayyade farashin ɗan wasa. Osimhen ba shi da laifi a nan, ƙwallayensa 26 da kofin 2023 guminsa ne. Sai dai wanda ya ji wannan ciniki bai ji wari ba, kada ya zo yana toshe hanci a kan Arthur da Pjanic.

Abin da ya fi damun mu, 'yan uwa, ya wuce ƙwallo. A gidan kallo akwai yara 'yan shekara goma zuwa sha biyar a benci na gaba. Suna jin yayyensu suna cewa ai kowa ma yana yi, ai namu ne, ai hassada ce. Yaron da ya saba jin haka a kan manajan da bai taɓa gani ba, me zai ce ranar da aka ce wani nasa ya taɓa kuɗin adashi ko ya ha'inci abokin ciniki? Mu baƙi ne a nan, jarinmu amana. Da ita ake ba mu kaya bashi, da ita ake ba mu hayar shago.

Don haka ga abin da muke roƙo. Ɗan Juventus ya ce 36, ya faɗa da ƙarfi, domin ko a haka babu kulob a Italiya da ya kama ƙafarsa, kuma tara a jere daga 2012 zuwa 2020 ba wanda ya taɓa yi. Ɗan Inter ya ƙirga kofin 2006 in yana so, tunda yana cikin littafi, amma ya daina kiran kansa waliyyi. Ɗan Milan ya tuna 1980 kafin ya buɗe baki. A yi musu, a yi tsiya, a sha dariya, ai don haka muke biyan kuɗin shiga. Masu gidajen kallo kuma muna roƙon su da su sa doka: wanda ya zagi iyayen wani, a mayar masa da kuɗinsa ya fita.

Ku kuma ƙannenmu biyu, kun san kanku. Moggi bai san sunayenku ba, kuma ranar da aka yi gobara a layinku ba daga Turin ko Milan za a kawo ruwa ba. Mun nemi dattawan layi su zaunar da ku kafin ƙarshen mako. Wanda ya fara miƙa hannu, mu za mu biya masa kuɗin kallon wasan Juventus da Inter mai zuwa, da sharaɗin ku zauna a benci ɗaya.

 Wanda yake da gyara ko ƙarin bayani, ya kawo shi cikin mutunci.